Labari a Bakin Wanda Ba a Tambaya Ba



Gabatarwa

Kowane alƙali ya san cewa ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin mai ƙara, an kuma ji ta bakin wanda aka yi ƙara. Amma mai karanta ƙagaggen labari ya saba da yanke hukunci bayan ya ji ɓangare ɗaya tak, kuma ba ya jin ya zalunci kowa. Mawallafi ya nuna masa tauraro ya ce ga nagari, ya nuna masa wani ya ce ga mugu, shi kuwa ya amince, ya yi murna in an kashe mugun, ya rufe littafi. Manufar wannan lacca ita ce a duba wani nau'in rubutu da ya bunƙasa a ƙasashen waje, musamman a fagen labaran al'ajabi, watau labaran aljanu da dodanni da matsafa da jarumai, inda akan ɗauki labarin da aka riga aka sani a sake bayar da shi ta bakin wani daga cikin mutanensa wanda ba a ba shi damar magana ba tun farko. Bayan haka sai a duba ko adabin Hausa yana da abin da za a yi wa irin wannan aiki, da abin da ƙasar Kabi, tun daga Jega da Aliero har Maiyama da ƙauyukansu, za ta iya bayarwa, da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

Yadda abin yake a ƙasashen waje

Ana iya kasa irin waɗannan littattafai kashi uku.

Kashi na farko shi ne inda mawallafi da kansa yake komawa kan labarinsa. Alal misali, Orson Scott Card na Amurka ya wallafa Ender's Game a 1985, labarin wani yaro da aka horar don ya jagoranci yaƙi da wasu halittu na sararin samaniya. A 1999 sai ya fitar da Ender's Shadow, inda aka sake bin waɗannan abubuwa ta idon wani ƙaramin yaro mai suna Bean, wanda a littafin farko mataimaki ne kawai. Haka nan Stephenie Meyer ta wallafa Twilight a 2005 ta bakin budurwa, sa'an nan a 2020 ta fitar da Midnight Sun, labarin nan dai, amma ta bakin saurayin, wanda yake ɗaya daga cikin halittun nan masu shan jini. An sayar da fiye da kwafi miliyan 1 a makon farko. Wannan kashi yana da riba ga mai ɗab'i, domin masu saye suna nan a shirye. Amma shi ne ya fi saurin zama ɗumame, domin in sabon mai ba da labarin bai san wani abu da na farko bai sani ba, to, tuwon jiya ne aka sake ɗorawa a wuta.

Kashi na biyu shi ne inda wani marubuci dabam yake ba mugun labarin baki. John Gardner ya yi haka a 1971 cikin Grendel. A tsohuwar waƙar Ingilishi ta Beowulf, Grendel dodo ne da ya shekara 12 yana kai hari fadar wani sarki, har jarumi ya zo ya fizge masa hannu ya mutu. A littafin Gardner dodon ne yake magana, yana laɓe a bayan fada yana sauraron makaɗin sarki yana mayar da hare-haren ganima su zama ayyukan jaruntaka, har shi kansa dodon waƙar ta kusa rinjayarsa. Wanda ya san aikin makaɗan fada a ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Gregory Maguire ya yi irin wannan a 1995 cikin Wicked, ya ɗauki muguwar mayyar da ke cikin wani littafin yara na 1900, ya ba ta suna da iyaye da ƙuruciya. Wani masanin kimiyya ɗan Rasha, Kirill Yeskov, ya je inda ya fi haka nisa a 1999. Ya ɗauki babban labarin Tolkien, The Lord of the Rings, ya ce a ƙaddara tarihi ne da waɗanda suka ci yaƙi suka rubuta, ya mai da ƙasar Mordor, wadda Tolkien ya zana a matsayin mazaunin sharri, ƙasar masana da masu sana'a wadda matsafa suka ga bayanta.

Kashi na uku shi ne inda ake ba mata da bayi da barori baki. Marion Zimmer Bradley ta sake labarin Sarki Arthur ta bakin matan da ke kewaye da shi. Margaret Atwood kuma, a 2005, ta ɗauki tsohon labarin Girkawa na Odysseus ta bayar da shi ta bakin matarsa, wadda ta shekara 20 tana jiran dawowarsa, tare da kuyangi 12 da aka rataye bayan ya dawo, waɗanda tsohon labarin ya wuce maganarsu cikin 'yan layuka.

Abin da ya haɗa kashi ukun shi ne tambaya guda: wa ya ba da labarin nan, kuma me zai samu in an yarda da shi?

Littattafan Hausa na farko

Rubutaccen ƙagaggen labari na Hausa ya fara ne da al'ajabi. Gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, waɗanda aka buga a 1934, kuma dukansu biyu cike suke da aljanu da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen da babu su a taswira.

Ganɗoki shi kansa misali ne na abin da ake magana a kai. Labarin zuwan Turawa, kamar yadda rahotannin gwamnati suka ajiye shi, labarin wanda ya ci yaƙi ne. Bello Kagara ya bayar da shi ta bakin mayaƙin Kwantagora wanda aka ci su da yaƙi, mai kirari da takobi, wanda da ƙasa ta yi masa zafi sai ya nufi gabas har ya faɗa duniyar aljanu. Gaskiya ne a ƙarshen littafin ya dawo ya yaba wa sabon zamani, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da hukumar Turawa ce ta buga littafin. Duk da haka yaran makaranta sun ji faɗuwar ƙasarsu daga bakin nasu.

Ruwan Bagaja kuwa ya fi kowane littafi neman a sake shi. Dalili shi ne, dukan labarin daga bakin Alhaji Imam yake fitowa, yana zaune a gidansa yana ba Koje Sarkin Labari da jama'a, bayan ya dawo da nasara da dukiya. Babu shaida ko ɗaya. Kuma mutum ne wanda da bakinsa ya faɗi yadda ya yi ta cin abinci da wayo da yaudara gari gari. To, a duba haɗuwarsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Alhaji ya shiga wani gari ya yi shigar babban malami alhali ba shi da karatun. Zurƙe ya zo ya nemi ya gwada shi gaban jama'a. Alhaji ya yi zane a ƙasa ya ce a karanta, Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffan da zanen ya yi kama da su, Alhaji ya ce ba ko ɗaya, siffar jinjirin wata ce. Aka yi wa Zurƙe dariya aka kore shi. Tun 1934 masu karatu suke taya Alhaji dariya. Amma in an tsaya an yi tunani, wanda ya yi karatu shi aka wulakanta, wanda bai yi ba shi aka ɗaukaka, kuma jama'ar garin ba su iya bambancewa ba domin su ma ba su da karatun. A bakin Zurƙe wannan labarin malami ne da ya ga ana damfarar gari, ya yi magana, aka jefe shi. Duk ramuwar da ya yi ta yi daga baya sai ta sami wata ma'ana, haka nan shiryawar da suka yi a ƙarshe sai a tambaya ko yafewa ce ko gajiya.

A Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, akwai Waziri. Sarki Abdurrahman ya daɗe ba shi da ɗa namiji, Waziri ya sa rai da gado, sai aka haifi Musa. Waziri ya haɗa baki da Sarkin Sinari, aku ya tsare Musa a gida da labarai dare bayan dare har sarki ya dawo daga yaƙi, asiri ya tonu, aka ba aku wazirci. Ma'aikatan hukuma da ke wannan zaure sun san yadda zuciya take yi in mutum ya tsufa a kan aiki aka ɗauko wani daga waje aka ɗora a kansa, balle a ce tsuntsun da aka saya da kuɗi. Marubucin da zai shiga zuciyar Waziri zai iya nuna yadda sa rai yake zama jin an cancanta, jin an cancanta ya zama ƙiyayya, ƙiyayya ta kai mutum ga sayar da garinsu. Wannan darasi ya fi amfani ga mai riƙe da amana a kan a ce masa kawai Waziri mugu ne, domin babu wanda yake ɗaukar kansa mugu. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Haka abin yake a tatsuniya, wadda Frank Edgar ya tattara da yawa daga cikinta a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Ko a Kuberi ko a Kano, in tsohuwa ta buɗe baki Gizo ne mai nasara, Kura ce mai shan kashi. Ƙoƙi kuwa tana nan a gida, ita ke zaune da mijin da ba ya noma, mai ɓoye abinci, mai jawo rigima, amma ba a cika tambayarta yadda take ji ba. Karin maganar da ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe da lura da wanda ake ci da guminsa a cikin wasa.

Abin da ƙasar Kabi take da shi

A nan ne maganar take barin nishaɗi ta taɓa mutuncin mutane. Misalai uku sun isa.

Na farko, labarin Bayajida. Kowane ɗan makaranta ya san shi: ɗan sarkin Bagadaza ya biyo ta Barno, ya iso Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Sarauniya ta ba shi kuyanga, kuyangar ta haifi Karɓagari, daga baya Daurama ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida tare da Biram su ne Hausa Bakwai, zuriyar ɗan kuyanga kuwa su ne Banza Bakwai. A cikin jerin nan na biyu akwai Kabi da Yawuri, waɗanda dukansu suna cikin Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991, akwai kuma Zamfara. Masana tarihi, musamman Abdullahi Smith tun 1970, sun nuna cewa ba za a ɗauki wannan labari a matsayin ainihin yadda daulolin Hausa suka kafu ba. Amma labari ba ya bukatar zama gaskiya kafin ya yi aiki, kuma wannan ya yi aikinsa, ya raba ƙasashe gida biyu, 'ya'yan uwargida da 'ya'yan kuyanga. Ita kuyangar ko suna ba a ba ta ba, da sunan ƙabilarta ake kiranta, Bagwariya. Tana ina aka kamo ta? Me ya sa ta raɗa wa ɗanta sunan da ke nufin karɓe gari, a gidan sarauniyar da ta mallake ta? Ina suka nufa bayan an haifi Bawo? Marubuci daga wannan ƙasa yana da haƙƙin ya yi waɗannan tambayoyi, kuma tun da labarin yana da maciji mai hana ruwa da wuƙar maƙeran Gaya, kayan al'ajabi sun riga sun haɗu.

Na biyu, Kanta. A Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman al-Sa'di ya rubuta a wajen 1655 daga ɓangaren Tambutu, Kanta mabiyin Askiya Muhammadu na Sanwai ne wanda ya yi tawaye a wajen 1516 saboda rigimar rabon ganima bayan yaƙin Agadas. A bakin Kabawa kuwa shi ne wanda ya ƙwato 'yanci ya gina Surame. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, suna biyu. Akwai kuma baki na uku da ba a ji ba, watau na mutanen da labaran baka suka ce an tattaro daga ƙasashen da ya ci aka sa su aikin ganuwa.

Na uku ya fi kusa da gida. Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shaihu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa a Gimbana. Harin da rundunar Yunfa Sarkin Gobir ta kai Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka jawo hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan nasara aka ba shi ƙasar Sabiyal, daga baya ya zauna Kware. Ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Bayan rasuwar Shaihu a 1817 saɓani ya kai ga yaƙi tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ci Kware, ya rasu a Bakura a 1818. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan abin da aka sani game da wannan rigima daga littafin Bello ne, Sard al-Kalam, kuma Bello bai ɓoye hujjar abokin gabarsa ba, ya kawo wasiƙun Abdussalami a ciki sa'an nan ya ba da amsa. Haka ya yi da wasiƙun Shaihu al-Kanemi na Barno a cikin Infaƙ al-Maisur. Watau ke nan, al'adar barin ɗaya ɓangaren ya yi magana da bakinsa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, kuma wanda ya yi ta shi ne wanda yake da ikon ya hana.

Sharuɗɗa da haɗari

Ba kowane labari ne da aka juya yake zama alheri ba. Akwai sharuɗɗa guda biyar da ya kamata ɗalibi mai sha'awar wannan aiki ya kiyaye.

Na ɗaya, kada a canza abubuwan da suka faru a labarin asali. In Waziri ya haɗa baki da Sarkin Sinari a littafin Imam, dole ya haɗa a sabon littafin. Gwanintar tana cikin bayyana dalili da abin da ya faru a bayan fage. Wanda ya share laifin gaba ɗaya bai ba Waziri baki ba, wani mutum dabam ya ƙaga ya laƙa masa sunan.

Na biyu, fahimtar mai laifi dabam take da wanke shi. Wannan ne raunin littafin Yeskov, domin ya ɗauke baƙin fenti daga wannan ɓangare ya shafa wa wancan, mai karatu ya koma inda ya fito, da nagari tsantsa da mugu tsantsa. Dodon Gardner kuwa har ƙarshe yana cin mutane, kuma mai karatu bai daina ƙyamar hakan ba ko da ya fahimci kaɗaicinsa. A ƙasar da ake fama da 'yan fashin daji da masu satar mutane, wannan sharaɗi ba wasa ba ne, domin littafin da zai mai da ɗan fashi jarumi cuta ne, amma wanda zai nuna yadda yaro makiyayi ko manomi yake bin hanya har ya kai can, ba tare da ya ɓoye hawayen waɗanda aka zalunta ba, magani ne.

Na uku, sabon mai ba da labari ya zo da harshensa. Zurƙe malami ne, maganarsa za ta cika da Larabci da misalan zaure. Ƙoƙi za ta yi magana irin ta tsakar gida. Bakabe ya yi Kabanci, kada a tilasta masa Kananci. In kowa ya yi magana irin ta mawallafi, to, an canza suna ne kawai.

Na huɗu, a bambanta ƙage da tarihi. Gizo ba shi da jikoki, amma Abdussalami yana da su a Jega, Bello yana da su a Sakkwato, Kanta yana da masu gadonsa a Argungu. Gabar Kabi da Sakkwato ta kusan cinye ƙarni na 19, kuma sai a 1934, shekarar da aka buga Ruwan Bagaja, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ake danganta bikin kamun kifi na yanzu da ita. Zumuncin da aka sha wahala kafin a ƙulla bai kamata a warware shi don a sayar da littafi ba. Wanda zai taɓa waɗannan bayin Allah sai ya karanta abin da suka rubuta, ya ji abin da zuriyarsu suka adana, kada ya sa musu maganar da ba su yi ba a baki. Hanya mafi aminci ita ce a ƙagi ƙaramin mutum, kamar mai ɗaukar wasiƙa tsakanin Kware da Sakkwato, ko wata mata daga cikin kamammun Gimbana, a bar manyan a inda tarihi ya ajiye su.

Na biyar, doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar mawallafi. Abubakar Imam ya rasu a 1981, Bello Kagara a 1971, saboda haka mai son buga labarin Zurƙe ko na Waziri don sayarwa sai ya nemi izinin masu haƙƙi. A Amurka an kai Alice Randall kotu a 2001 saboda ta sake wani shahararren labari ta bakin baiwa, sai da aka yi sulhu a 2002. Fassarar Ingilishi ta littafin Yeskov kuwa kyauta aka rarraba ta, ba a sa ta kasuwa ba. Tatsuniya da labarin Bayajida da na Kanta gadon kowa ne, kuma daga nan ya fi sauƙi a fara.

Kammalawa

Marubutan Hausa ba su daina labaran al'ajabi ba. Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, kuma tun daga shekarun 1990 marubutan Kano irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi ta fitar da littattafan yaƙi da matsafa, littafi na ɗaya, na biyu, na uku. Mafi yawansu suna bin jarumi ne daga haihuwa zuwa nasara, kuma mai karatu ya san ƙarshen tun daga bango. Sake labari ta wani baki hanya ce ta sabunta wannan fage ba tare da an je aro daga Indiya ko Farisa ba.

Amfaninsa bai tsaya ga marubuta ba. Ɗalibin da ya taɓa zama ya rubuta shafi biyar da bakin Zurƙe zai karanta kowane littafin tarihi yana tambayar wa ya rubuta. Ma'aikacin da ya saba da wannan tambaya, in fayil ya zo gabansa da rahoton rigimar gona ko ta burtali, zai duba ya ga ko akwai wanda aka yi maganarsa a cikin fayil ɗin amma ba a ji ta bakinsa ba, ya aika a kirawo shi kafin ya sa hannu. Malaman Hausa a makarantun Jega da Aliero da Maiyama suna iya fara gwadawa a aji tun wannan zango, da tatsuniya guda da ɗalibai suka sani, a ce kowa ya zaɓi wanda aka zalunta ko aka yi wa dariya a ciki ya ba da labarin da bakinsa.